Makon da Clifford Ya Rantse Glenys Ba Za Ta Taɓa Tukunya Ba

Ƙanin mijina Clifford bai taɓa tuƙa abin da ya fi keken kanti girma ba, amma da aka fara sassauta dokar kulle ta korona sai ga shi a rumfata a kasuwar Nantwich, da farar hula irin ta masu jiragen ruwa, har da zanen ƙugiya a goshinta.

"Matar yaya, naɗe labulayen nan. Na kama hayar jirgi."

Ina tsakiyar ciniki da wata mata a kan zanin gado. Ban ko ɗaga kai ba sai da ta biya yadda na faɗa, don ni ko rumfar ce ta kama da wuta ba na barin ciniki a tsakiya. Da ta tafi na dube shi sama da ƙasa.

"Wane marar rabo ne ya ba ka jirginsa?"

"Na kanal ne, rafin nan da aka haƙa don jirage. Siririn jirgin nan mai gado da bayi a ciki. Mako guda cur. Ni da Glenys da ke."

Glenys ƙawata ce, katanga ɗaya ta raba mu. Tun tana budurwa take gaban murhu. Ta dafa wa ubanta, ta dafa wa yayyenta maza, ta dafa wa mijinta Norman har ranar da ya cika da cokali a hannu. Clifford kuwa duk tsawon kullen nan yana tsaye a bakin shingenta, takunkumi a haɓa, yana neman aurenta da ihu don a bar tazara. Unguwa gaba ɗaya ta ji amsar da ta ba shi: "Clifford, ni ba miji nake gudu ba. Tukunya nake gudu."

Shi ne ya je ya kwana yana ƙulla dabara. Ya ce a bakin kanal ɗinmu, in ka yi tafiyar da ba ta kai ta gajiya ba, sai ka tarar da mashaya mai kicin, kuma babu mai mashayar da bai san shi ba. Kullum za mu ɗaure jirgi a ƙofar wata, a kawo wa Glenys abinci mai zafi tana zaune kamar sarauniya. In mako ya cika hannunta bai taɓa tukunya ba, ta aure shi. In ta taɓa ko sau ɗaya, ba zai sake tayar da maganar ba har abada. Glenys ta yarda. Ni ce shaida.

"Shaida ba ta aiki kyauta," na ce masa. "Ko sisina ba zai fita ba, kuma gadon da ke jikin taga nawa ne."

"Haba matar yaya, wannan ai gadon amarya ne."

"Ka ga amarya tukuna?"

Ranar tafiya, matar da ke ba da hayar jiragen ta tsaya za ta nuna mana yadda ake komai. Ita kaɗai ce a wurin, ta ce ma'aikatanta duk suna gida a killace. Duk abin da ta fara faɗa sai Clifford ya tare: "Na sani, baiwar Allah. A ruwa aka yanke mini cibiya." A asibitin Crewe aka haife shi, uwarsa da bakinta ta faɗa mini.

Sai kuma ya shige kicin ɗin jirgin ya fito da tukwane rungume, da kaskon suya, da ludayi, ya jibge su a gaban matar.

"Ki ajiye mana. Ba ma bukata."

"Kai Clifford, ko biredi ba ka saya ba fa," in ji Glenys.

"Wanda zai ci gasasshen nama da romo kullum me zai yi da biredi?"

Ya miƙa hannu zai ɗauki butar shayi, na riga shi, na zauna a kanta. Da haka muka tsira da buta.

Sandar tuƙin jirgin nan in ka tura ta dama, jirgi hagu yake yi. Matar ta faɗa, lokacin Clifford yana gyara hula. Ba mu bar ganinta ba sai da muka sumbaci gaɓar hagu, muka dawo muka sumbaci ta dama, muka tafi da ƙugiyar wani tsoho mai kamun kifi da ya bi mu da zagi har gada.

"Gaisuwa yake yi," in ji Clifford. "Mutanen ruwa haka muke da juna."

A kanal al'ada ce, in an zo matakalar ruwa namiji ya tsaya a jirgi riƙe da sanda yana hura hanci, mata su sauka su yi aikin. Matakalar ɗaki ne na dutse mai ƙofa biyu, ta ƙasa da ta sama. Jirgi ya shiga, a tura ƙofar ƙasa a rufe, a murɗa ƙarfe a rufe ƙananan tagogin da ke gindinta, sannan a buɗe na sama ruwa ya cika ɗakin ya ɗaga jirgi. Ni da Glenys muka yi ta tura katakon da ya fi saniya nauyi da ƙugunmu, Clifford yana daga ƙasa yana kiran, "Da ƙarfi, 'yan mata! Yunwa ce ke sa abinci daɗi!"

Da yamma muka isa mashayar farko, Agwagwa Uku. Clifford ya fesa turare, ya ba Glenys hannu, muka tarar da takarda manne a ƙofa. Ya tsaya yana karantawa da yatsa. Ni rubutu bai taɓa damuna ba, amma ƙofa mai kwaɗo ba sai an karanta mini ita ba.

Ya hau bugu. Can taga ta buɗe a sama, wata mata ta leƙo.

"Mun rufe! Wayar mai girkinmu ta yi ƙarar gargaɗin korona ta ce ya killace kansa, ta masu kai abinci ma ta yi, tawa ma ta yi. Ku matsa baya!"

"Ki ce wa Roy ga Clifford ya zo!"

"Wane Roy?"

"Mai gidan mana! Aminina!"

"Roy ya sayar mana da gidan nan tun ina da baƙin gashi. An ce ma ya mutu."

"Allah sarki," in ji Clifford. "Shi ya sa bai kira ni ba."

Matar ta ji tausayinmu ta jefo mana ledar soyayyen dankali uku. Ɗaya ta faɗa ruwa. Ta Clifford ce, ni na yanke hukunci.

Washegari ya ce mashaya ta gaba, Makahon Doki, kifinta da dankalinta har daga Landan ake zuwa ci. Da tsakar rana muka hango ta, hayaƙi yana tashi daga kicin, mutane suna zaune a waje da faranti. Glenys har ta sa jan baki. Clifford ya ga jama'a, sai ya cire hula yana ɗaga musu hannu kamar mai neman ƙuri'a, ya manta jirgi ba shi da birki. Muna kallo teburan suka zo, muna kallo suka wuce. Na ga wani yana matsa lemon tsami a kan kifi, na ji kamar in yi kuka.

"Juya mana!" in ji Glenys.

Jirginmu ya fi faɗin kanal tsawo. Sai an je inda aka fasa gaɓa musamman don juyi, kuma wurin yana can gaba da nisa. Clifford ya ce wannan doka ce ta 'yan koyo. Ya danna sanda. Hancin jirgi ya nutse a gaɓar can, gindinsa ya cije a gaɓar nan, muka tsaya a gicciye kamar ƙashi a maƙogwaro. Shanun wata gona suka taho suka jeru suna kallo. Jirage suka taru gaba da baya.

"Malam, gada kake ginawa?" wani ya yi kira.

"Ina auna faɗin ruwan ne!"

"To ka gama aunawa? Matata na son bayi!"

Sai da maza suka sauko da igiya suka ja mu kamar ana fid da jaki daga rami. Kafin mu je wurin juyi mu dawo, an wanke tukwane. Mai gidan ya ce mai girki ɗaya ya rage masa, shi ma da rana kawai yake yi, ya koma wata mashayar ya yi musu na yamma. Abin da ya saura sai ƙwan nan da ake jiƙawa cikin ruwan tsami a kwalba a kan kanta, wanda tun ina yarinya ban taɓa ganin mai hankali ya ci ba. Na sa mutumin ya ba mu kwalbar gaba ɗaya a kuɗin rabi, don na nuna masa ba wanda zai raba shi da ita sai mu. Glenys ta ci biyu tana yi wa Clifford wani irin kallo. Ni na san wannan kallon. Norman ma ya san shi.

A mashaya ta uku an buɗe, amma ba mai zuwa tebur ya tambaye ka. Sai ka ɗora wayarka a kan wani zane mai kama da kashin ƙuda, ka latsa abin da kake so. Clifford ya ce shi ya koya wa rabin unguwarmu waya. Ya latsa, shiru. Ya sake latsawa. Ya yi ta latsawa yana cewa gasasshen naman sa ne, da dankali, da komai. Muka jira har inuwa ta juya. Can sai ga mai gidan da kansa, gumi har wuya, ɗauke da babban tire cike da 'yan ƙananan kwanuka.

"Su wa suka ce romo sha biyu?"

"Ina naman?" in ji Glenys.

"Nama ya ƙare tun jiya, uwargida, direban da ke kawo mana yana killace. Wayar ai ta nuna. Romo kawai maigidanki ya yi ta latsawa."

"Ba maigidana ba ne."

"Tukuna," in ji Clifford.

"Ka sha romonka," na ce masa.

Haka muka ci gaba. Wannan a rufe, waccan giya kawai, wata kuma mun iso an ce yanzun nan aka kashe murhu. Gyaɗa mai gishiri muka ci har leɓunanmu suka tsage. Kanti kuwa in ka tambaya sai a nuna maka bayan gonaki, Clifford kuma ya ce kyaftin ba ya barin jirginsa ya je sayen biredi kamar wani almubazzari. Wata safiya na kama Glenys tsaye a kicin tana kallon butar shayi, ƙwai biyu a hannu da ta saya a bakin wata gona.

"Beryl," ta ce da ni a hankali, "buta tukunya ce?"

"In kin dafa ƙwai a ciki, tukunya ce. Ni shaida ce, ba a saye ni."

Clifford ya ji, ya zo da gudu ya karɓe ƙwan, ya ce shi zai dafa mata irin na mutanen ruwa. Ya ɗaga murfin inji ya ɗora su a kan ƙarfe mai zafi. Ɗaya ya gangara cikin injin, har yau yana can. Ɗayan ya fashe masa a hula.

Ranar Lahadi da safe ya fito yana rawa da waya a hannu. Ya kira wata mashaya, Tsohuwar Fitila, mai gidan da bakinsa, Mista Pargeter, ya ce suna da mai girki, suna da naman sa da na rago a cikin murhu, amma wanda ya riga zuwa shi ke ci, in ya ƙare ya ƙare. Gobe kuma mako ke cika.

"Glenys, yau ki ci ki ƙoshi, gobe ki zama matar kyaftin!"

Matakala ɗaya ce ta rage tsakaninmu da mashayar. Mashayar tana can sama, a bakin wani ɗan guntun ruwa da ke tsakanin matakala biyu, inda jirage suke ɗaure a jere. Har ƙamshin naman iska tana kawo mana. Clifford ya shigar da jirgi ɗakin dutse, ya buga bango sau biyu kamar yadda ya saba, ya ce, "To 'yan mata, a sauka!"

Glenys tana kwance a ciki. "Ka ce wa gyaɗar da ka ba ni ta tashi ta tura maka ƙofa."

Ya dube ni.

"Ƙuguna ya yi murabus," na ce. "Kawo sandar in riƙe. Kai da aka yanke wa cibiya a ruwa, je ka nuna mana."

Ya ɗauki ƙarfen murɗi ya hau tsani yana cewa abin da muke ɗaukar rabin yini muna yi yanzu za mu ga yadda maza ke yinsa. Na ji ya tura ƙofar ƙasa da nishi kamar mai naƙuda. Sai na ji takunsa ya ruga gaba, ya buɗe tagogin sama duka har ƙarshe. Ruwa ya shigo da ƙara, jirgi ya ɗan ɗaga, ya ɗan ƙara, sai ya tsaya. Ni ina can ƙasa, bango kawai nake gani da gansakuka.

"Clifford! Ba ma hawa fa!"

Kansa ya leƙo daga sama. "Babbar matakala ce, matar yaya. Sai da haƙuri. Ke ba ki san ruwa ba."

"Ka rufe na ƙasa?"

"Na rufe ƙofa da hannuna!"

"Tagogin fa?"

Ƙarar ruwa ta cinye maganata, ko kuma shi ya ga dama ta cinye. Ya zauna a kan katakon ƙofa ya harɗe ƙafa yana fito. Ruwa yana shiga ta gaba yana fita ta baya, kamar mai cika kwando. Na yi ihu har muryata ta dushe. Muna nan zaune sai na ga ruwan da ke shigowa ya koma baƙi, da ganye, da tsohon takalmi. Sai kuma na fara jin wani ihun da ba nawa ba, daga can sama, na mutane da yawa.

Na ɗaure jirgi na hau tsanin nan da ƙuguna mai murabus. Abin da na gani ba zan manta ba. Ruwan gaban mashaya ya tafi. Sai laka baƙa mai sheƙi da wata 'yar korama a tsakiya, agwagi suna tafiya da ƙafa suna mamaki. Jiragen da ke ɗaure duk sun zauna a ƙasa sun karkace, igiyoyinsu sun miƙe kamar za su tsinke. Ta tagar wani na ji kwanuka suna zubowa ɗaya bayan ɗaya. Wata mata ta fito da kumfar sabulu a kai. Wani ƙato ya fito riƙe da tukunyar da miyarta ta koma kan wandonsa. Dukansu suka nufo mu.

"Wane ne ya bar tagogin ƙasa a buɗe?"

Clifford ya miƙe, ya ɓoye ƙarfen a bayansa. "Nima abin da nake bincike ke nan. Ina zargin fari ne. Bana ruwan sama ya yi ƙaranci."

"Jiya aka kwana ana ruwa!"

"Mene ne wannan a bayanka?" in ji mai kumfa.

Suka kewaye shi, amma kowa ya tsaya nesa da taku biyu yadda doka ta ce. Ƙaton nan ya nuna shi da yatsa.

"Ka gode wa korona, malam. Ba don ita ba da yanzu wuyanka yana hannuna."

"An yi mini allura biyu," wani tsoho ya ce daga baya. "Ku bar ni in matsa kusa."

Wata ta je ta rufe tagogin, wani ya ruga matakalar sama ya sako ruwa, amma suka ce kafin wurin ya cika jirage su tashi sai yamma. Mu dai aka ɗaga namu da ƙyar, muka taka da ƙafa zuwa mashayar, jama'a na biye da mu, don ba mai iya girki a jirgin da ya karkace. Glenys tana gaba, hancinta yana bin ƙamshi.

A ƙofa muka tarar da Mista Pargeter, ɗan siririn mutum mai sanƙo, ya dafe kai da hannu biyu. Ashe mai girkinsa, Gethin, a jirgi yake kwana, kuma jirginsa na cikin waɗanda suka karkace. Da ya hango ta taga ya yar da ludayi ya ruga ceton karensa, ya yi tsalle ya faɗa laka, ya gurɗe hannu. Ga shi can zaune a kan benci, baƙi ƙirin har kunne, karen yana lasarsa.

"Mutum ɗaya!" in ji Pargeter. "Mutum ɗaya ya rage mini a duk faɗin ƙasar nan! Nama yana cikin murhu, dankali ko feraya ba a gama ba, ga mutum ya fi hamsin. Ni ko ruwan zafi na dafa sai ya kama."

Wani mai kunya da ya yi shiru. Clifford ya gyara hula mai ƙwai, ya tako gaba.

"Kwantar da hankalinka, maigida. Na taɓa ciyar da bataliyar soja."

"Yaushe?" na ce.

"Ba ki shigo gidanmu ba lokacin."

Ya karɓe rigar girki ya shige kicin ya rufo ƙofa. Muka zauna. Aka ji faɗuwar wani abu mai nauyi. Aka ji "Ba komai!" Aka ji wani abu ya yi tsuwwa kamar an taka kyanwa. Sai hayaƙi ya fara fitowa ta ƙarƙashin ƙofa, na'urar gobara ta kama kururuwa.

Glenys ta ɗaga hanci. "Ya ƙure wutar," ta ce. "Kitsen ne ke ƙonewa. Saura kaɗan ya kama naman." Ta riƙe gefen tebur da hannu biyu. Ta rufe ido. Ta buɗe. Ta miƙe.

Daidai nan Clifford ya fito yana tari, girarsa ɗaya babu. Ya ga inda ta nufa, ya baje hannuwa ya tare ƙofar.

"Glenys! Kwana ɗaya ya rage! In kika taɓa tukunyar nan na rasa ki!"

"In ban taɓa ba na rasa naman. Matsa."

"Ki tuna da shingen nan! Ki tuna ruwan saman da ya dake ni!"

"Clifford, naman sa ne. Na ƙugu."

Ta ture shi gefe kamar labule. Sai ni na kama hannun rigarta.

"Tsaya, ƙawata. Kyauta za ki shiga?" Na juya wurin Pargeter. "Maigida, zo mu yi magana. Me kake biyan wancan na cikin laka?"

"Baiwar Allah, nama yana ƙonewa!"

"Naka ne, ba nawa ba. Me kake biyansa?"

Ya faɗa. Ya ce zai ba ta rabi, tunda ba ta da takardar koyon girki.

"Glenys, zauna," na ce. Na shaƙi iska. "Kai, ka ji ƙauri kuwa? Ina jin na ragon ne ya fara."

"To kashi biyu cikin uku!"

"Jama'a, akwai gyaɗa a kan kanta, kowa ya sayi leda."

"Ka ba ta duka mana!" ƙaton nan ya daka masa tsawa. Mashaya gaba ɗaya ta ɗauka, har da Gethin daga kan benci.

"Duka! Na ba ta duka!"

"Na yau kaɗai, ko har hannun wancan ya warke?"

"Har ya warke! Ko ya warke ma ina son ta, mutum ɗaya ba ya isa!"

"Da ɗaki a sama mai kallon ruwa. Litinin da Talata ba ta aiki. Kuma dafawa kawai za ta yi, ba ta wanke ko cokali."

"Ina zan samo mai wanke-wanke? Wata nawa ina nema!"

Kawai dai duk wanda ke cikin ɗakin nan ya juya ya kalli Clifford.

Glenys ta tsaya tana duban Pargeter kamar ba ta gane ba. "Wai biyana za a yi? In dafa, a ci, a ba ni kuɗi?"

"Duk Juma'a, uwargida. Don Allah ki shiga."

Ta zare rigar girkin daga wuyan Clifford ta ɗaura. Ta shiga, muka ji ta kashe wani abu, ta buɗe taga, ta zagi wani abu. Na'urar ta yi shiru. Can ta leƙo ta kira mata uku su yi feraya, ta sa ƙaton nan daka dankali, mai kumfa kuma ta ɗaure kai da tawul tana kai faranti. An yanke inda ya ƙone an ba kare. Sauran kuwa, ni dai tun rasuwar mijina ban ci nama irin wannan ba, kuma a teburin jikin taga na ci shi, ban biya ba, don na sa wannan ma a cikin cinikin.

Da yamma ruwa ya dawo, jirage suka miƙe ɗaya bayan ɗaya. Na leƙa kicin in yi wa Glenys sallama, don ta ce kayanta ma a aiko mata, ba za ta sake taka jirgin nan ba. Clifford yana bakin famfo, kumfa har gwiwar hannu, tulin faranti ya fi shi tsawo. Ta 'yar tagar miƙa abinci yake yi wa mutanen waje bayani.

"Dama na san gidan nan na neman ma'aikata. Kuna ganin haka kawai ruwa ke tafiya? Sai wanda ya san kanal ciki da waje."

Ya ga ba mai saurarensa, sai ya juyo ya rage murya.

"Glenys. To yanzu maganarmu fa? Ai kusan mako ne. In an duba da idon rahama."

Glenys tana riƙe da babbar tukunyar romo da hannu biyu. Ta ɗaga ta sama.

"Beryl, ke ce shaida. Me kika gani a hannuna?"

"Tukunya," na ce.

Ta dire ta a gabansa cikin kumfa, ruwa ya fallatsar masa a fuska.

"Gindinta ya kama. Ka kankare da kyau, gobe ina hutu, ba na so in dawo in tarar da ita haka."